Mai Shanyar Hotuna a Bakin Ruwan Warra

Ga ta can durƙushe a bakin ruwa, doguwa, siririya, da tabarau, takalminta duk taɓo. Ba 'yar nan ba ce, ɗaurin zaninta ma ya faɗa. Kwalekwalen da ya kawo ta ya sha ruwa, adakar da take rungume da ita ma ta sha.

Tana fito da hotuna ɗaya bayan ɗaya, da kaset-kaset, da zane-zane a takarda, tana jerawa a tabarmar shanyar kifi, cikin tsakiyar rana. Wanda ya manne da ɗan'uwansa sai ta hura masa iska, kamar mai lallashin jinjiri.

Na uwarta ne marigayiya, in ji ta, wadda ta yi shekaru tana bin matan bakin ruwan nan tana ɗaukar su a fim, lokacin da maza ke cewa mace ba ta da labari. In waɗannan suka lalace, babu wasu.

Na ce, "Ke ɗiyata, duk bokon nan naki! Ai ba kifi ba ne. Ganyen kuka ma a inuwa ake shanya shi in ana son launinsa."

Ta ɗago, ba musu. "To, Inna."

Muka ja tabarmar ƙarƙashin rumfata. A hoton da ya fara bushewa, wata budurwa ce tsaye a kwalekwale, tana tuƙi tana dariya. Ruwa ya cinye gefensa, amma wushiryar budurwar tana nan.

Tawa ce, tun ina da haƙora.