Ƙarshen da Kaka Ta Raɗa Mini a Kunne

Wanda bai yi ɗari a Tamanraset ba ba zai gane abin da ya sa muke son murhun Kaka Dije ba. Rana na faɗawa bayan duwatsu, sanyi zai sauko kamar an buɗe masa ƙofa. Ana idar da magariba mu jikoki mu bakwai mu zagaye gawayinta a tsakar gida, kowa da bargonsa, ita kuma tana juya tagila, gurasar nan ta hamada, a cikin toka tana korar hannuwanmu da mafici. Ni ne kullum a gefen ƙafarta ta dama. Ubana ya bi hanyar Libiya ina goye bai dawo ba, ita ta riƙe ni. "Angona" take ce mini. Habu kuwa, ɗan goggona, taubashina, "ɓarawon dabino" take kiransa, kuma ba ƙarya ta yi masa ba.

Kaka tana da wata al'ada da ban taɓa ji a wani gida ba. Za ta ce, "Ga ta nan a bakin ƙofa," mu ce, "Ta shigo, mun share mata wuri." Sai ta ja tatsuniya har ta kai inda rai ke tsayawa, ta yi shiru. Ƙarshen ba ta faɗinsa a fili. Ɗaya bayan ɗaya za mu kai kunne, ta raɗa wa kowa. Kuma da doka: "Wanda ya faɗa wa ɗan'uwansa, tatsuniya ta yi fushi, ba ta ƙara shigowa gidan nan." Mu kuwa muka riƙe dokar kamar karatun allo.

Wadda ta zauna mini ita ce ta raƙumin lambu. Wai akwai wani ɗan raƙumi a lambunan Abalessa, aikinsa jan ruwa daga rijiya. Taku goma gaba, taku goma baya. Ga inuwa, ga dabinon da ya faɗo, ga mai lambu yana shafa masa wuya yana cewa duk ƙasar babu kamarsa. Ran nan ayari ya sauka shan ruwa. Tsofaffin raƙuma ne, ramammu, masu tabo, waɗanda ke jin ƙanshin ruwa tun da sauran tafiyar kwana biyu. Babbarsu ta dube shi ta ce, "Ƙafarka ta tafiya ce, yaro. In za ka bi mu, bismilla. Amma ka sani, a wutsiyar na ƙarshe za a ɗaure ka, don a cikinmu ba ka san komai ba." Ɗan raƙumi ya tsaya, ƙafa ɗaya a lambu, ɗaya a hanya.

Nan Kaka ta yi shiru. Na kai kunne. Har yau ina jin ɗumin numfashinta da warin taba gari. Ta ce, "Ya bi su, angona. Suka yi ta yi masa dariya. Da ya gaji ya durƙusa, suka kwance kayansa suka wuce. Ungulaye suka gama da shi, yana kiran sunan rijiyarsa." Sannan ta ɗaga murya ta ce wa kowa, "Na ɗaure ta a ƙafar murhu, ku tashi ku yi isha'i."

Lekkol ban yi nisa ba, aji uku na tsaya. Amma Allah ya ba ni kunne. Inji na tashi, daga nesa zan ce maka buji ne, wato fulogi, ko mai ne ba ya isa. Na kafa rumfa a ƙofar gida, ina gyaran moto, wato babur, da injin ban-ruwa. Masu lambu daga Tit da Abalessa suna ɗoro injinansu a mota su kawo mini, da ɗan dabino ko tumatir a buhu. In Kaka ta yi tari a ɗaki, ina ji daga rumfa, in ajiye kile, wato sifana, in kai mata ruwan zafi.

Ina cikin wannan daɗin wani Balarabe mai babban garaji a bakin gari ya tsaya da motarsa kat-kat, wai tana wata ƙara da yaransa suka kasa ganowa. Na ce ya tayar. Kafin ya sauke ƙafa na faɗa masa inda ciwon yake. Washegari ya dawo da kansa. Ya ce yana da makanikai da suka yi karatu a arewacin ƙasar, masu duba mota da ordinatar, wato kwamfuta, amma babu mai kunnena. In zo. Bai ɓoye mini ba: zan fara daga ƙasa, ƙaramin cikinsu ma zai aike ni, kuma sai na koyi karanta takardun inji.

Kwana uku ina juya maganar. Wallahi raina ya so. Amma duk lokacin da na rufe ido sai in ga ungulaye. Na je na ce masa na gode, ga taubashina Habu, a gwada shi. Habu fa, wanda in inji ya yi kuka sai ya tambaye ni ko lafiya.

Shekara ashirin da wani abu ke nan. Kaka ta rasu a hannuna. Habu yau shi ne shef, shugaban makanikan garajin, har Idlès ake ɗaukarsa ya je ya ta da motar da ta mutu a dutse. Ni ina rumfata, kuma injinan yanzu duk waya ce a cikinsu, kunne kaɗai ba ya isa. Masu lambu sun fara gaishe ni su wuce.

Bayan sallar layya da ta wuce Habu ya zo da la'asar, na ɗora shayi. Yana zama ya fara.

"Lawali, har yanzu wannan bencin ne? Ai ya kamata a naɗa masa rawani."

"Bencin da ka koyi riƙe kile a kansa, ɓarawon dabino. Gaishe shi."

Ya yi dariya, ya kurɓi kofi na fari. Ya ce, "Ka san shekarata ta farko a can, kullum sai na yi kamar in gudu? Raƙumin Kaka ne ya riƙe ni."

Na ce, "Wanda ungulaye suka cinye? Lalle kana da taurin rai."

"Wace ungulu kuma?"

"Ta ƙarshen tatsuniyar mana."

Ya ajiye kofi. "Kai, tsufa ya fara taɓa ka. Shekara uku ya yi a wutsiyar ayari yana shan dariya. Ran da suka ɓata a rairayi, shi ya ji ƙanshin ruwa ya kai su rijiya. Haka ta raɗa mini."

Shayin ya tafaso ya kashe rabin gawayin, ban iya miƙa hannu ba. Habu ya dube ni, wasan ya bar fuskarsa. Can ya ce, a hankali, "Inna ta taɓa cewa Kaka ta yi rantsuwa hanya ba za ta ci mata ɗa ta ci jika ba. Na ɗauka magana ce kawai."

Shekarata tara a lokacin da ta raɗa mini. Tara. Ta dubi yara bakwai ta zaɓi wanda zai ja mata ruwa, ta shafa masa wuya, ta kira shi ango. Na san ta yi kukan ubana har idonta ya lalace. Na san ko ta tambaye ni a fili, mai yiwuwa in zauna da kaina, don ni mai son gida ne. Amma ba ta tambaye ni ba. Kunnen da nake taƙama da shi, wanda ba inji da ya taɓa yi wa ƙarya, ta nan ta shiga. Ina zuwa kabarinta ranar Juma'a kamar kullum, ina yi mata addu'a, amma na daina zama in ba ta labarin gida.

Abin da ya fi ci mini rai, ƙarshen nan ɗaya na gada, shi na raɗa wa ƴata Zaliha tun tana ƙarama. Yanzu ta girma, tana ɗinki a ɗaki, matan unguwa na yabonta. Wata mai babban shagon ɗinki a cikin gari, inda ake yanka da awo a takarda, ta aiko sau biyu tana nemanta. Zaliha ta ce ita ba za ta je a maishe ta ƴar koyo ba.

Jiya bayan magariba na sa aka hura gawayi a tsakar gida, na kira ta, na ce akwai gyara a tatsuniyar raƙumi. Ta yi dariya ta matso, ta kawo kunne yadda ta saba. Na ce, "A'a, uwata, koma can ki zauna. Kira mamanki ma. Wannan da ƙarfi zan faɗe shi."