Yadda Aka Goge Mai Tulu Daga Asalinmu

Ranar wata Asabar ce bayan Sallar Layya, a shekarar da na gama aji biyar a lekol, wato makarantar boko, aka yaye farin ƙyallen da ya rufe bangon zauren Baffa Idi a Djougou. Baffa Idi yayan mahaifina ne, mai manyan motocin dakon auduga da kashu, kuma ranar yake walimar sabon gidansa. Tsakar gida ta cika da hayaƙin itace da ƙamshin suya, mata suna kirɓa sakwara, 'yan zemijan suna ta sauke baƙi daga babura a ƙofar gida. Ni kuwa ina tsaye gaban manya cikin sabuwar atamfa mai cizon wuya, an damƙa mini mikro. Da ƙyallen ya faɗi sai ga ƙatuwar bishiya da mai fenti ya zana, kore shar, kowane reshe da sunan mutum cikin ajami da boko. Wuri ya ɗauki kabbara. Aikina shi ne in jero sunayen nan da ka, daga mahaifina har zuwa saiwa.

Ba a banza aka zaɓe ni ba. A Parakou muke zaune, unguwar Ladjifarani, amma duk hutun damina akan saka ni a mota zuwa Djougou wurin kakata Iya Tasalla, wadda ba ta taɓa kiran garin da wani suna ba sai Zugu. Ita ta haifi Baffa da mahaifina, kuma auren zumunci aka yi mata, don haka kakannin mijinta su ne nata. Da safe in na yi shara na cika randuna daga rijiya, sai mu baje tabarma mu kwance huhun goro. Mu ware fari daga ja, mu tsince wanda sankara ta ci, mu yayyafa ruwa, mu sauya ganye. Hannunta na aiki bakinta na jero mutane: Musa, wato mahaifina, ɗan Abdu, Abdu ɗan Garba Mai Jaki, Garba ɗan Sule, Sule ɗan Madugu Tanko da ya riƙa jan ayari zuwa Gwanja, Tanko ɗan Bawa. A kan Bawa muryarta takan sauka. Ta ce wasu sun ce daga wajen Katsina ya fito, wasu sun ce Kano. Akwai kuma wani Ɗan Gwanja da ake ambata, wanda ba ta san ko uban Bawa ne ko kuwa Bawan ne da kansa aka yi wa laƙabi ba. In na matsa mata sai ta ce, "Abin da ban ji ba, ba zan ɗora wa matattu ba."

Abu ɗaya ne ba ta taɓa shakka a kansa ba. Bawa ɗan dako ne, ciwo ya kayar da shi a hanya, ayari ya wuce ya bar shi kusa da ƙauyen Pélébina. Wata budurwa 'yar ƙabilar Yom da ta fito daga rafi ta ba shi ruwa, iyayenta suka yi jinyarsa, daga baya ya aure ta. Sunanta na yare ya ɓace, Mai Tulu kawai ake ce mata. Ta haifi Tanko da ƙanensa. Tanko ya bi fatake, ƙanen ya tsaya gona, kuma daga tsatson ƙanen nan Baba Gado ya fito.

Baba Gado nakan gani da idona. Yakan zo da doya ɗaure a bayan tsohon baburinsa, ya durƙusa ya gaida Iya da Hausa mai gauraye da Dendi, wani lokaci ya tafi da ni ƙauyensu Pélébina in yi kwanaki. Can muke fita tsintar kaɗanya da 'yarsa Asabe, sa'ata, ƙafafunmu jiƙe da raɓa. Mu shanye tsokar mai zaƙi mu tara ƙwallon a kwando, mu kori awaki daga shanyar rogo, mu bi matan Fulani muna leƙen yadda suke dafa wagashi, cukunsu na nonon shanu. Da ƙwallon kaɗanya muke carafke, kuma kullum ita ke cinye ni. Tabarma ɗaya, ƙwarya ɗaya. Ban taɓa jin wani ya tambayi ko ita wace ce a wurinmu ba.

Da arziki ya zauna wa Baffa, sai ɗan dako ya yi masa kaɗan a matsayin kaka. Ya ɗauko wani maroƙi daga nesa, wai masanin asali. Cikin 'yan kwanaki Bawa ya zama Shehu Abubakar, babban malami, jikan Wangarawan da suka baro Mali tun zamanin manyan sarakunanta. Ɗan Gwanja ya rabu gida biyu, uba da ɗa, kowanne da rawaninsa. Sama da su sunaye suka yi ta tsirowa ba gargada ko ɗaya. Uwar Tanko kuma ta koma 'yar wani sarki. Maroƙin ya zaunar da ni yana biya mini, ni kuwa na ɗauka ƙarin karatu ne. Da na maimaita wa Iya sai ta daɗe tana juya goro ɗaya a hannu, sannan ta ce ita dai ba ta taɓa jin waɗannan mutane a bakin kowa ba.

Ranar walimar Baba Gado ya zo da doyarsa, Asabe na biye. Ita ma tana lekol, ta iya karatun boko. Na fara jero sunaye ina kallonta ta kutsa gaba, tana bin rassan da yatsa, ta hau ta sauka, ta sake hawa. Ina kai wa Madugu Tanko ta juyo ta ce, ba da ƙarfi ba, "Hassatu, ina Babana?" Na dubi bangon. Tanko shi kaɗai ne a reshensa, ba ƙane, ba kowa. Na ce cikin mikro, "Tanko ɗan Bawa, uwarsa Mai Tulu ta Pélébina. Daga nan ba a sani ba."

Aka yi dariya, irin wadda ake yi wa yaron da ya manta hadda. Baffa ya zare mikron daga hannuna yana murmushi ya miƙa wa maroƙi, shi kuwa ya kwarara sunayen har saiwa, mata suka rangaɗa guɗa. Da hayaniya ta lafa Baba Gado ya matso, hularsa a hannu.

"Alhaji, mu a wane reshe muke?"

"Haba Gado, ai ku maƙwabtan arziki ne tun kaka da kakanni," in ji Baffa. Ya juya wajen yaransa. "A kai musu abinci rumfar waje."

Baba Gado ya koma wajen baburinsa. Ya kwance doyar ya jingine ta a bango, ya ɗora Asabe a babur, suka tafi ba su ci komai ba. Iya ta taso daga cikin mata, ta tsaya a bakin zaure ta ce, "Idi, kakarka ka goge, ba datti ba." Ta ja mayafinta ta koma tsohon gida, kuma har ta rasu ba ta sake taka zauren nan ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne sauran manyan. Duk sun ci doyar Pélébina, da yawansu sun san labarin Mai Tulu, amma suka sunkuyar da kai cikin kwanon nama. A mota muna komawa Parakou na tambayi mahaifina dalili, ya ce, "Yi shiru, yayana ne."

Daga shekarar ba a sake kai ni ƙauye ba. Da Iya ta rasu Baba Gado ya zo jana'iza, ya raka ta makwancinta, ya juya daga maƙabarta.

Na girma na yi tambaya wurin tsofaffin Zugu da malaman tarihi. Ba wanda ya iya wuce Bawa da tabbaci. Mai yiwuwa ma akwai jinin Wangarawa a jikinmu, ban musa ba, hanyar goro ta haɗa mutane iri-iri. Abin da na kasa yafewa shi ne a kori wadda aka tabbatar da ita don a ba waɗanda ake zato wuri, a kuma kori jikokinta masu rai tare da ita. Yau hoton bangon nan yana yawo a wayoyin dangi, yaranmu na Cotonou da na Faransa suna tura wa juna suna alfahari, kuma in na yi magana sai a ce Gwaggo Hassatu ta fara rigimarta. A da, asali abu ne da ake faɗa a hankali a kan tabarma, a tsaya inda sani ya tsaya, kuma kowa yana da wurin zama a ciki.

Bara na haɗu da Asabe a kasuwar Parakou tana sayar da man kaɗe. Ta gane ni sarai, amma da Faransanci ta gaishe ni, ta ce mini Madam. Na haddace sunayen mutanen da wataƙila ba a taɓa haifarsu ba, ga shi ban san sunan ko ɗaya daga cikin 'ya'yanta ba.