Sin Ɗin da Aka Yanke wa Wutsiya

Har yau in na tuna harafin nan sai kaina ya ɗau zafi, ka ɗora ƙwai a hulata ya dahu.

Shekara biyu ke nan da komawar soja bariki, Agege kowa kunnensa a ƙofa don tsoron rikicin ƙabilanci. Ina ɗinki a gidan haya mai ɗaki goma sha biyu da banɗaki ɗaya. Maƙwabcina tsohon ma'aikacin reluwe ne, Kirista, mutumin Kafanchan. A dokin ƙofarsa ya kafe ɗan katako mai harafi ɗaya, kawuna uku a tsaye.

Na ce, "Baba, sin ce aka yanke wa wutsiya?"

Ya ce, "Tela, bakinka ya fi kekenka gudu. Shin ce, ta Ibrananci. Da ita sunan Mai Iko Duka ya fara. In zan fita sai na dube ta, in tuna ba kwaɗo ne ke tsare ɗakin nan ba."

Mu ma a makarantar allo an ce mana alif a miƙe take don Allah ɗaya ne. Na gane, na koma kan kekena.

Sai jita-jita ta tashi: wai alama ce, ran da aka zo ƙona gidajen Hausawa a tsallake ɗakinsa. Wa ya fara? Mai goron bakin ƙofa, mutumin da in ya ga alif sai ya ce sandar makaho ce! Kafin la'asar labari ya kai kasuwar Jankara, kawuna uku sun zama talatin.

Aka taru a tsakar gida. Na yi ihun da sai da danfo, motar haya, ya tsaya a titi. "Jama'a, wuta karatu take yi? Kwano ɗaya ya rufe mu! In ta cinye ɗakina, sallama za ta yi a ƙofarsa?"

Suka kwashe da dariya. Wallahi dariya! Shekara ashirin ina ba mutanen nan dariya, ranar da na faɗi gaskiya ma da ita suka saka mini.

Mai goro ya share hawaye ya ce, "Tela ba ka da dama. Baba dai ya cire, ko ya tashi."

Almakashina Baba ya ara ya ɓamɓare katakon. Ran Asabar kuma ya tashi, ya koma wurin 'yarsa a Ajegunle. Ni na ɗora masa katifa a mota, ina zage-zage, shi yana ba ni haƙuri.