Ranar da Aka Zo Yi wa Tsohuwa Kuɗi

A kamfanin robar nan Mijin Tsohuwa ake ce masa, shi kuma ya amsa da fara'arsa. Tsohuwar ba mutum ba ce, na'urar buga bokiti ce da ke can ƙarshen rumfar baya, wadda aka kafa tun kafin ya fara aske gemu. Tana tari da safe kafin ta tashi, tana ɗigar da mai, murfinta na gefe kuwa da waya aka ɗaure shi. Duk da haka a kanta ya yi aure, a kanta ya yi ginin ɗaki biyu, a kanta 'ya'yansa suka yi makaranta. Mutum ne mai sanyin hali, ko a layin karɓar albashi aka shiga gabansa sai ya matsa. Amma ka kushe Tsohuwa yana wurin, za ka sha mamakin inda ya ɓoye baki.

Da mai kamfanin ya tsufa ya bar wa ɗansa kujera, ɗan ya zo da lissafinsa, kuma lissafin ba ƙarya ba ne. Idan kuɗinka kaɗai kake juyawa, ribarka daidai ƙarfinka. Idan ka haɗa da na mutane, ka biya su abin da ka yi alkawari, ragowar duk taka ce. Ya ci bashin banki ya gina sabuwar rumfa. Da banki ya ce ya isa haka, sai kamfani ya fitar da takardun lamuni: mai kuɗin ajiya ya kawo a ba shi takarda, duk shekara a ba shi riba, in wa'adi ya cika a mayar masa da uwar kuɗinsa. Injinan kamfanin kaf aka sa jingina, aka sayo sababbi masu allo da maɓallai, waɗanda ba su san tari ba.

An sha daɗi na wasu shekaru, har da ƙarin albashi. Sai farashin ɗanyar roba ya hau, kasuwa ta yi sanyi, bokitai suka taru a sito har rufi. Bashi kuwa babu ruwansa da kasuwa, ranarsa kawai ya sani. Wa'adi ya cika babu abin biya. Bayan doguwar ja-in-ja aka daidaita da masu takardun: za a sayar da duk injin da ke da daraja a rage bashin, kamfani ya ci gaba da abin da ya saura. Manaja ya tara ma'aikata ya faɗa musu ba ɓoye-ɓoye, cewa duk injin da aka ɗauka, masu aiki a kansa sai dai haƙuri. Mako mai zuwa za a turo mai kimanta kaya.

Mijin Tsohuwa yana da 'yar auta a shekarar ƙarshe ta makarantar jinya, kuma da furfurar da ke kansa ya san ba wanda zai ɗauke shi sabon aiki. Ka ce wannan ne zai cika masa kai. Ina! Abin da ya tsaya masa a rai shi ne baƙo zai zo ya ga Tsohuwa da tsatsa da waya. Ranar hutu ya sayi koren fenti da kuɗin aljihunsa, ya wanke ta, ya goge ta, ya cire wayar ya sa ƙusa sabuwa fil.

Da ya dawo gida da la'asar, hannu duk fenti, matarsa tana kwashe shanya. Ya ba ta labari yana washe baki. Ta ajiye kwandon.

"Maigida, tsaya in gane. Wanda ya yi kyau shi za a ɗauka?"

"Haka manaja ya ce."

"Kai kuma ka je ka yi mata kwalliya."

Ya dubi hannuwansa, ya dube ta. "Ai ni..." ya fara.

"Da ka faɗa mini ai da na ba ka turare ka fesa mata," in ji ta, ta ɗauki kwandonta ta shige ɗaki.

Ranar da za a zo ya riga kowa isa. Ya tsoma tsumma a baƙin mai da niyyar ɓata aikin da ya yi, ya ɗaga hannu, hannun ya ƙi. Kunya ta kama shi, ya jefar da tsumman, ya ce abin da Allah Ya yi shi ne daidai.

Mai kimanta kayan mace ce, da hular kwano da tocila, ba ta da yawan magana. Ta fara da sabuwar rumfa. Daga inda yake yana hango ta tana manna jar takarda a jikin injinan ɗaya bayan ɗaya, samarin da ke aiki a kansu sun yi cirko-cirko. Da ta iso wurinsa ita da manaja ta ce, "Baba, tayar mana da ita."

Ya danna yana fatan ta yi tarin nan nata. Tsohuwa kuwa, da yake ta sha gyara, ta tashi tas kamar jiya aka sayo ta.

"Tana yawan lalacewa?"

"Wa? Wannan? Ba ta taɓa kwana a lalace ba!" Sai da maganar ta fita ya ji kamar ya mari bakinsa.

Matar ta durƙusa ta haska ƙasan injin, ta ga ƙafafunta a binne cikin siminti. Ta karanta ɗan farantin ƙarfen da ke jikinta, ta miƙe tana kaɗe gwiwa, ta juya wurin manaja.

"Kamfanin da ya ƙera ta ya daɗe da rufewa, ba mai sayen abin da ba shi da kayan gyara. Kuɗin fasa simintin nan da hayar motar ɗaga ta ya fi abin da za a samu. Ko 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa, sai an roƙe su. Ku riƙe abarku." Ta ɗan yi murmushi. "Fentin dai ya yi kyau, Baba."

Ya buɗe baki zai mayar mata da martani, don maganar ta sosa masa rai ƙwarai. Sai ya ga ta mayar da jar takardar cikin jaka. Ya rufe bakinsa. Ya zauna a kan duro yana ta hamdala, wani sanyi yana ratsa shi tun daga wuya har tafin ƙafa. Ya tausaya wa samarin can har zuciya, amma daɗin da ya ji ya ƙi ɓoyuwa.

Lokacin hutun rana ya fita bayan rumfa ya kira 'yar auta a waya, wadda ba a taɓa gaya mata halin da kamfanin ke ciki ba.

"Baba, lafiya? Na ji muryarka wani iri."

"Lafiya lau, auta. Ya karatu?"

"Muna ta fama. Akwai kuɗin jarrabawa, amma in babu hali zan iya roƙon su su jira."

Ya share ido da bayan hannu. "Ba sai kin roƙi kowa ba," ya ce. "Ki ce musu ƙarshen wata."