Tsagar da ke Kan Burodin Umma

Ranar wata Laraba ce, sati biyu bayan alhazai sun watse, ina 'yar shekara tara, na kwance ledar abincina a tsakar makarantarmu ta unguwar Jarwal a Makka. Sauran yara tamis suka zo da shi daga gidan burodi, ni kuwa ɗan burodin Umma ne, mai tauri, kamar an kife ƙoƙo.

Umma ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, ga shi lokacin ana ta kame, ko bakin titi ba ta leƙawa. Sai ta koma ga abin da ta koya a Jidda, a gidan wata nas 'yar ƙasar Ailan da ta taɓa yi wa aiki. Fulawa, gishiri, karbonat mai sa kumburi da laban, wato nono mai tsami, shi ke nan, babu yis babu jira. Tankaɗe ne aikina, kodayake rabin garin a goshina yake ƙarewa. Kafin ta rufe tukunya takan ja wuƙa a tsaye, ta ja a kwance. "Don wuta ta ratsa cikinsa," in ji ta.

Samira, babbar ajinmu, wadda bakinta bai san hutu ba, ta leƙo ta ga tsagar. "Salib! Ku zo ku ga kuros a Makka!" Yara suka yi mini caa. Kunya ta rufe ni, na ɗaga murya na ce, "Ba Ummata ta yi ba, 'yar aikinmu ce!" Mu da ke kwana mu biyar a ɗaki ɗaya!

Ina juyowa sai ga Umma a bakin ƙofa, riƙe da gorar ruwan da na manta. Matar da ke tsoron titi ta fito saboda ni. Ta miƙo mini, ta ce a hankali, "Ga ruwanki, uwar ɗakina."

Washegari ta gasa burodin babu tsaga. Bayansa ya ƙone, cikinsa ɗanye. Haka ta ci nata da shayi, kuma ba ta sake ɗora masa wuƙa ba har aka mayar da ita Kano, inda ta rasu.

Yau ina unguwar Rusaifa, nan Makka, ina da tanda ta lantarki, 'ya'yana kuwa sun fi son na shago. Duk Laraba nakan kwaɓa shi, in tsaga shi da zurfi yadda take yi. Yana gasuwa har ciki, sai dai wadda zan ba haƙuri ba ta nan.