Daminar da Na Ɓoye Ƙanena a Kano

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan manta da daminar da na ɓoye ƙanena a Kano ba, alhali mahaifiyarmu tana ƙauye tana roƙon Allah Ya kare shi daga sanyin Turai.

Mu biyu ne maza a wajen Inna, ni babba, shi auta. Ni daga firamare na kama fartanya. Shi kuwa Allah Ya ba shi kai, ya gama jami'a, har wata makaranta a Turai ta ɗauke shi ƙarin karatu kyauta. Shekarun nan ne da taki ya gagari manomi, gidaje da yawa a ƙauyenmu na bayan Bagwai sau ɗaya ake ɗora tukunya. Labarin Auta shi kaɗai ne abin daɗin da gidanmu yake da shi, ni kuma na ɗauke shi na ɗora a ka. A majalisa, a ƙofar masallaci, a kasuwa, ba ni da zance sai na ƙanena mai tafiya Turai.

Ya je ya yi ganawar biza, aka karɓi fasfonsa aka ce ya jira. Ya ce min, "Yaya, mu bari ta fito tukuna kafin a yi sallama." Na ce ai kamar ta fito ne, kuma in ruwa ya sauka kowa zai shige gona, wa zai zo mana walima? Na yanka ragon da Inna take kiwo. Na zaga da shi gida-gida yana neman gafara, tsofaffi suna sa masa albarka. Wata tsohuwa ta ƙulla masa daddawa da kuka, ta ce ta ji can ba su san miya ba. Rabin gari ne ya raka shi tasha. Inna a bakin zaure ta tsaya, ta ce, "Allah Ya kai ka, Ya dawo min da kai ina da rai."

Shirin shi ne ya jira a Kano, biza na fitowa ya hau jirgi. Ina gona muna shuka ya kira ni. Ya ce ƙasar ta sauya dokar bizar ɗalibai, an cire irin makarantarsu daga waɗanda aka yarda su kawo ɗalibai daga waje, sai an sake dubawa. An dawo masa da fasfonsa ba komai a ciki.

"Yaya, gobe zan taho gida. Ko shukar ce sai na taya ka."

Allah Ya yafe min, ban tuna halin da yaron yake ciki ba. Majalisa ce ta faɗo min a rai, da irin dariyar da za a yi min. Na ce, "Ka zo ka ce musu me? An ci rago, an raka ka tasha. Ka zauna nan, ai sun ce za su sake dubawa."

Ya ce, "Inna fa?"

Na ce, "Bar ni da Inna."

Yaro ne da bai taɓa yi min musu ba. Ya raɓa a ɗakin wani abokinsa a unguwar Kurna, ni kuma na shiga gari na ce ya sauka lafiya.

Inna ba ta da waya, sai in kira shi in kara mata tawa a kunne. Ta tambaye shi sanyi, ta tambaye shi ko daddawar ta ƙare. Wata rana da la'asar suna cikin magana aka fara kiran salla a bayansa, a daidai lokacin ladaninmu ma ya ɗauka. Inna ta janye wayar daga kunne, ta saurari namu, ta mayar ta saurari nasa. Ta dube ni ta ce, "Ashe can ma tare muke salla." Na ce haka ne. Daga ranar ba ta sake tambayarsa sanyi ba.

Har wani maƙwabcinmu mai kai gyaɗa birni ya tare ni a bakin rijiya ya ce, "Malam, na ga wani kamar Auta a bakin titi. Ko dai Turan ce ta dawo Kurna?" Na ce kama ce, mutane da yawa. Ya yi murmushi ya wuce.

Gero ya fara fitar da kai zazzaɓi ya kwantar da Inna. Muka kai ta asibiti a Bichi muka dawo, jiki ya ƙi. Wata rana da yamma ta kira ni. Ba ta faɗin sunana, da yake ni ne ɗan fari. Ta ce, "Kai, ka ce wa yaron nan ya zo. Ai mota ɗaya ce."

Na ce, "Inna, tun yaushe?"

Ta ce, "Tun ranar kiran salla. Na yi shiru ne don kada in kunyata ka. Shi ma na san don kai yake yi."

Duk mai hankali a nan zai farka. Na fita na kira shi, ya ce zai hau motar farko da safe. Sai na tuna washegari kasuwar garinmu take ci, tasha cike da mutane. Na ce, "Gobe kasuwa ce, bari sai jibi."

Ya ce, "Yaya, jikin nata fa?"

Na ce, "Da sauƙi."

Da hantsin ranar kasuwar Inna ta cika.

Na kira shi na sanar da shi. A motar 'yan kasuwa ya iso, a tsakiyar buhunan albasa, da jakar nan da aka raka shi da ita. Ya sauka a gaban duk mutanen da nake ɓoye shi dominsu. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya tambaye shi Turai. Mai gyaɗar nan ne ya karɓi jakarsa ya ce, "Sannu da hanya, Auta. Sai haƙuri." Ashe gari ya daɗe da sani, ni kaɗai nake gadin asirin da babu shi.

Bayan mun dawo daga maƙabarta muka zauna a zaure mu biyu. Na kasa ɗaga kai. Bai yi min faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Yaya, da ka bari na zo na taya ka shukar nan."

Yanzu yana koyarwa a Bagwai, kullum sai ya biyo ya gaishe ni, bai taɓa sake ɗaga maganar ba. Mutanen waccan ƙasa ba su san mu ba, sun sauya dokarsu sun rufe masa hanyar jirgi. Hanyar gida kuwa ni na rufe masa, ni da muka sha nono ɗaya. Abin da na koya shi ne, surutun gari da nake tsoro ko yini ɗaya bai yi ba, amma "bari sai jibi" da na faɗa tana nan tare da ni. In naka ya fita nema bai samu ba, ka buɗe masa ƙofa a ranar, ko da kasuwa tana ci.