Agogon Kawu a Hannun Mai Katifa

Jama'a, a gyara zama, a kashe waya, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Ga shi nan tafe: Kawu Mai Aski, gwanin almakashi, dodon ƙeya, uban marayun agoguna na layinmu da layin da ke bayansa. Mutumin da ya fi kowa yawan agogo a unguwa, kuma ba a taɓa ganin ya je ko'ina a kan lokaci ba.

Shagonsa ɗan ƙuƙut ne. Kujera ɗaya mai juyawa wadda ta daina juyawa, madubi mai tsaga a kusurwa, da bencin da masu jira ke zama suna gyara duniya da baki. A ƙarƙashin madubin akwai wani tsohon gwangwanin biskit da aka shimfiɗa wa tsumman tawul, a nan agogunan suke kwance kamar jarirai. Wani a gwanjo ya saye shi, wani tsintarsa ya yi babu gilashi. Kowanne da tarihinsa, kuma in ka kuskura ka tambaya alhali aska na wuyanka, to sai ka ji shi har ƙarshe, don babu hanyar gudu.

Amma akwai babban yayansu, mai farin ƙarfe, wanda bai taɓa kwana a gwangwani ba. Ba ya cin batir, ba a kuma murɗa shi. Motsin hannu ne abincinsa. Maigidan da ya koya wa Kawu aski ne ya cire shi daga hannunsa ya ɗaura masa, ranar da ya ce ya je ya buɗe nasa shagon. Tun daga nan yake hannun hagun Kawu, hannun riƙe mataji, yana cin motsi yana ƙoshi.

Sai ciwon baya ya zo. Katifar gidan ta riga ta zama rami, duk wanda ya kwanta a gefe sai ya gangaro tsakiya. Matarsa ta gaji da jin nishi, ta ce, "Maigida, gwangwani cike da agogo, bayanka kuwa ya zama ƙugiya. Wanne ne a cikinsu zai tashi ya yi maka tausa?"

Tsallaken titi kuwa akwai Mai Katifa, mutum mai amana a sana'a, don ba ya sayar da abin da bai gwada ba. Wuni yake a kwance yana gwaji. Ya daɗe yana yaba agogon nan daga inda yake kwance. Kawu ya tsallaka yana dafe da ƙugu, ya ce da babbar murya don 'yan benci su ji, "Ai ƙarfe ne kawai, mene ne a ciki?" Aka yi cinikin babban yaya. Kuɗin ma ba su ga hasken rana ba, a shagon suka rikiɗa suka zama katifa.

Bayan Kawu dai ya warke sarai. Zuciya ce ta kamu.

Washegari ya ɗaga mataji, sai ya ga wani farin zobe a fatar hannunsa inda agogon ya saba zama. Ya ɗauko wani daga gwangwani, ya matse shi. Ya ɗauko wani, ƙararsa ta yi masa rashin kunya a kunne. Ya leƙa ta ƙofa, ga babban yaya can a hannun Mai Katifa, hannun kuma a kan tumbi, ko ƙuda bai kora ba tun safe. Kawu ya san abin da ke tafe: yunwa za ta kashe agogon nan yana ji yana gani.

Ya fara da gaisuwa. Ya je ya kama hannun mutumin yana girgizawa, yana tambayar iyali ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda ba a haifa ba, sannan ya tuna a hagu agogon yake. Sai ya haɗa hannayen biyu ya shiga jijjigawa.

Mai Katifa ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Lafiya, maƙwabci? Wani ne ya mutu?"

Kawu ya ce, "Saura kaɗan."

Wata rana ya je ya ce a nuna masa hanyar tasha, tashar da ya sani tun yana yawo ba wando. Mai Katifa ya nuna masa da haɓa. Kawu ya ce masa ga ƙuda nan a kafaɗarsa ta dama. Mai Katifa ya ce, "Ƙyale shi, shi ma hutawa ya zo yi."

Da dabara ta ƙare, Kawu ya koma gida ya tsaya yana kallon katifar, yana auna ko za ta ɗauku a ka. Matarsa ko juyowa ba ta yi ba daga wanke-wanken da take yi, ta ce, "Wanda ya taɓa katifar nan, ya nemi wurin kwana shi da gwangwaninsa." Ya ce shi ƙura yake dubawa.

Aski ma ya fara lalacewa. Idonsa na tsallaken titi, almakashi na kan mutane. Wani direba ya shigo da suma, ya fita da hanya a tsakiyar kai.

Ana nan sai ga abin da ba a taɓa gani ba: Mai Katifa ya tashi tsaye, ya tsallako titi da ƙafafunsa. Mata suka leƙo ta taga. Ya shigo yana haki, ya dangwarar da agogon gaban madubi ya ce, "Ka sayar mini da mushe! Tun shekaranjiya yake cewa ƙarfe uku."

Kawu ya ɗauke shi da hannu biyu, ya kara a kunne. Shiru. Ya ɗaura shi a kan farin zoben nan, ya ce, "Zauna in rage maka sumar nan tukuna." Mataji ya hau, almakashi ya bi. Kafin a gama gefe ɗaya, tsinken agogon ya motsa, ya ɗauki tafiya kamar ba shi ba.

Kawu ya ce, "Ka gani? Ba mutuwa ya yi ba, yunwa ce. Sai ka riƙa motsa hannu."

Mai Katifa ya dube shi ta madubi ya ce, "In riƙa motsa hannu saboda agogo? Ni na saye shi, ko shi ya saye ni?"

Kawu ya ce to ya mayar masa da shi, a san yadda za a yi. Mai Katifa ya ce ina, shi abin da ya saya ya sayu, kuma yana son yadda yake ƙyalli in zai shiga mutane. 'Yan benci suka sa baki, aka yi ta ja, har aka tsaya a kan magana ɗaya: agogo na Mai Katifa ne, amma a hannun Kawu zai riƙa kiwo. Ran da mai shi zai fita taro, a miƙa masa. Sauran ranaku kuwa, daga kan katifa za ka ji an ƙwala kira, "Maƙwabci, duba mini agogona!" Kawu ya dakata da aski, ya ɗaga hannu da isa, ya ƙwala masa amsa har layin baya su ji.

Shekaranjiya ina kan kujerar da ba ta juyawa, na ce, "Kawu, gaskiya ya kamata a kafa gunkinka a shataletale. Ga katifa a gida, ga agogo a hannu. Duk garin nan wa ya taɓa yin ciniki irin naka?"

Ya danna mini kai gaba da yatsa biyu ya ce, "Agogon mutane ne. Sunkuya, kana ɓata mini layi."